Yadda A Ke Kiwon Ɗamarar Jirgin Ruwa

Ko wane jirgin ruwa da aka ƙera da hankali, in ka tsaya a gaɓa ka dube shi, za ka ga wani abu ya kewaye shi ta waje kusa da baki, tun daga goshi har baya, ya ɗan turo fiye da sauran jikin jirgin. A wani jirgin katako ne, a wani roba, a wani kuwa ƙarfe. Turawan Ingila suna da sunaye da dama dominsa. Ɗaya ma'anarsa katakon da ke gogar abu, wani kuma ma'anarsa ɗamara. Mu wannan na biyu muka ɗauka, gama ya dace da shi ta hanya biyu: a tsakiyar ƙugu ya ke zaune kamar ɗamarar ɗan dambe, kuma ɗaure jiki ya ke yi.

Watakila wani daga cikinmu ya ce, mu da mu ke koyon aikin malanta, ina ruwanmu da jirgi? To, ba mu ke zaɓen inda za a aika da mu ba. Wanda aka kai Yawuri, ko Lokoja, ko Ibi, ko Numan, ko wani tsibiri a Tafkin Cadi, zai tarar rabin yaran da ke gabansa 'ya'yan masunta ne da 'yan jirgi, wani lokaci ma shi kansa ba shi da hanyar zuwa makarantar sai ta kwalekwale. Banda wannan kuma, darasin ɗamara ya tattara abubuwa da yawa da mu ke karantawa a warwatse, watau ruɓar itace, da tsatsa, da aikin rana bisa roba. Wanda ya gane su a jikin jirgi ya gane su a ƙyauren aji da bokitin rijiya.

Aikin ɗamara na fari shi ne shan duka. Jirgi ba ya tsayawa cak kamar doki. Sa'ad da ya nufo kwata, ko matuƙi gwani ne, sai ya ɗan bugi wani abu, ko turke, ko dutse, ko ɗan'uwansa jirgi. In an ɗaure shi kuma ba ya hutawa, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana sauke shi, yana gogar abin da ke kusa da shi dare da rana. Ranar kasuwa a bakin Kwara jirage su kan jeru kafaɗa da kafaɗa, ko wanne na cin ɗan'uwansa. Da jikin jirgin ne ke shan wannan guga, da ba a jima ba ya huje. Saboda haka maƙera jirgi suka sa masa abin da zai ci a madadinsa, wanda in ya ƙare a ciro shi a sa wani da kuɗi kaɗan. Ashe ke nan an yi ɗamara don ta lalace ne. Amma akwai lalacewa ta aiki, akwai ta sakaci, kuma ta biyun ita ce ke janyo jirgin duka ta tafi da shi.

Ga dalili. A jirgin katako ɗamara tana manne bisa katakon da ya fi duka tsayi a gefe, ƙusoshinta sun ratsa shi sun shiga haƙarƙarin jirgin. A ƙananan jiragen zamani kuwa, irin waɗanda a ke zubawa da ƙaro da zaren gilashi, jiki daban a ke yi, rufin sama daban, sa'an nan a kifa wannan bisa wancan kamar faifai bisa ƙwarya. A yawancinsu mahaɗar nan tana ƙarƙashin ɗamara sosai, ɗamarar ce ta ɓoye ta. Watau wurin da ya fi ko ina rauni a jirgin shi ne wurin da ido ba ya gani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A jirgi ruwa ne ƙadangaren, tsagar kuwa sau da yawa bayan ɗamara ta ke.

Bari mu fara da ta katako, don ita ce aka fi gani a kogunanmu, ita ce kuma ta fi bukatar bayani.

Mutane da yawa suna tsammani ruwa ne ke ruɓar da itace. Ba haka ba ne sosai. A shekarar 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar da yanzu ta ke cikin Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani itace a zurfin ƙafa wajen 16. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale ne na maɗaci, tsawonsa ƙafa 27 da ɗoriya, awo kuma ya nuna ya yi shekara wajen 8,000 a binne. Duk tsawon wannan zamani yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, bai ruɓe ba. Haka kuma jirgin yaƙin nan na Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628, aka tsamo shi a 1961 da mafi yawan katakonsa. Abin da ke ruɓar da itace wata irin funfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu. Tana da rai, tana bukatar abu uku: laima, da iska, da ɗumi. Itacen da ya nutse sarai ya rasa iska, sai ta kasa rayuwa cikinsa. Itacen da ya bushe, har ruwan da ke cikinsa ya gaza kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ya rasa laima, nan ma ba ta iya kome. Inda ta ke samun yadda ta ke so shi ne wurin da ba a jiƙe ya ke sarai ba, ba kuma a bushe ba.

To, ku duba matsayin ɗamara. Tana sama da ruwa, iska na samunta. Ruwan sama ya sauka bisa bakin jirgi ya gangaro ya tsaya a 'yar tsagar da ke tsakaninta da jiki. Laka ta cika tsagar, ta riƙe laimar kamar soso. Rana ta ba da ɗumi. Duk sharuɗɗan nan uku sun cika a wuri guda. Ruwan daɗi ma ya fi na gishiri kawo ruɓa, domin gishiri ya kan ɗan hana funfuna sakewa, saboda haka jiragen Kwara da Binuwai sun fi na bakin teku shan wannan wahala, ko da ya ke su na teku suna da tasu, watau wata tsutsa da ke huda katako ta ƙarƙashin ruwa, wadda ba ta zama cikin ruwan daɗi.

Hunturu kuma ya zo da nasa. Itace ya kan kumbura da damina, ya tsuke da rani, amma ta faɗi ya ke yin haka, ba ta tsawo ba. Ko wace shekara katakon ɗamara ya motsa, ƙusa kuwa ba ta motsa tare da shi ba, sai ramin ƙusar ya riƙa buɗewa kaɗan kaɗan. Bayan 'yan shekaru ɗamarar da a da ko allura ba ta shiga bayanta, sai ka ga ana zura yatsa.

Daga nan mu ke gane cewa wankin ɗamarar katako ba don ado a ke yinsa ba, don a fid da lakar nan ne da ke riƙe laima. Kayan aikin ba su da wuya: bokitin ruwa mai tsabta, da sabulun wanki, da buroshi mai taushi ko soso, da ɗan siririn tsinke na sakace tsaga. A fara kwara ruwa tukuna kafin a taɓa da hannu, gama ƙurar hunturu da yashin kogi ƙananan duwatsu ne, in aka goge su a bushe sai su kankare fenti. Sa'an nan a wanke da sabulu, a bi tsagar sama da ta ƙasa da tsinke har laka ta daina fitowa, a ɗauraye, a bari ya bushe a inuwa. In katakon ba shi da fenti, kada a dirje shi da buroshi mai tauri ana bin tsawonsa, domin itace yana da jijiya mai tauri da tsoka mai taushi a jere, buroshin sai ya cinye mai taushin ya bar kwari kwari inda ruwa zai riƙa kwanciya. Gara a bi shi a gicciye, a hankali.

Sau da yawa bayan wanki a kan ga baƙin tabo ya kewaye kan ko wace ƙusa. Ba dauɗa ba ce, sabulu kuwa ba ya fid da shi. Itatuwa da yawa suna da wani ɗaci a jikinsu irin wanda majema ke nema a bagaruwa. In wannan ɗaci ya gamu da ƙarfe da laima sai ya zama baƙi, kamar dai yadda dukawa ke baƙanta jan fata da ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki. Abu mai tsami ne ke warware shi. Masu gyaran jirage suna amfani da wani farin gari mai suna asid ogzalik, a narka shi cikin ruwan ɗumi a shafa, amma dafi ne, sai da safar hannu da tsare ido. Ruwan lemun tsami ya kan yi aikin in tabon bai yi zurfi ba. Sai dai fid da tabon ba shi ne magani ba. Tabon shaida ce ƙusar na ci, kuma itacen da ke kewaye da ita yana laushi.

Shi ya sa bayan wanki sai bincike, kuma a ganinmu binciken ya fi wankin daraja. A ɗauki ƙaramar guduma a bi ɗamarar ana ƙwanƙwasawa taki taki. Lafiyayyen itace yana amsawa da kaifin murya, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dif kamar an bugi buhun dusa. Inda aka yi shakka a soka basilla. In ta tsaya a baki, lafiya. In ta shige ba da ƙarfi ba, ko da fentin wurin yana ƙyalli, cikin ya tafi. Wuraren da za a fi matsa wa su ne ƙarshen ko wane katako, da mahaɗar katako biyu, da wurin da a ke ɗaura igiya. Ƙarshen katako ya fi gefensa shan ruwa nesa ba kusa ba, domin itace tamkar damin kara ya ke, ramukansa duk tsawo suka bi, bakinsu kuwa a ƙarshe ya ke.

In an sami ruɓa, ba a lallashinta. A yanke wurin har a wuce iyakar abin da ido ya gani da kamar taki guda ko wane gefe, gama saiwar funfuna ta kan riga alamarta tafiya. A duba katakon jikin jirgi da ke baya, in shi ma ya taɓu, to, aikin ya wuce na ɗamara, sai a kira kafinta. Sabon guntun da za a sa kada a yanke shi a miƙe a kara baki da baki. A fiƙe su duka biyu a karkace, tsawon fiƙar ya yi kamar takwas na kaurin katakon, su hau juna. Bakin fiƙar da ke waje kuma ya dubi bayan jirgi, don in jirgin ya gogi turke yana tafiya gaba, turken ya zame bisa mahaɗar, kada ya kama leɓenta ya ɓalle ta. Itacen da ya dace shi ne mai tauri mai jimrin laima, kamar maɗaci, ko kawo, ko loko. Rimi yana da sauƙin sassaƙa, amma ba na wannan wuri ba ne.

Kafin a buga sabon katako akwai aiki guda da 'yan gaggawa ke tsallakewa, shi ne kuwa ya fi duka amfani. A shafe bayan katakon, da wurin da zai zauna a jikin jirgi, da ƙarshensa duka biyu, da fenti ko kwalta, a kuma shimfiɗa kwalta mai kauri tsakaninsu, yadda in an ɗaure sai ta ɓullo ta sama da ta ƙasa. Fuskar da ke waje ko yaushe a ka so a iya shafa mata fenti, ta baya kuwa yau kaɗai za a gan ta. A huda ramin ƙusa tukuna don kada katakon ya tsage, a nutsar da kanta cikin itace, a toshe bisanta. Ƙusar da kanta ya turo ta mai da ɗamara zarto, ta yagi jirgin maƙwabci, ta yagi ƙafar mai shiga.

Game da abin da za a shafa a fuska, ra'ayi ya rabu. Baranis yana da kyaun gani, amma fata ce mai ƙarfi bisa itace, ranar ƙasarmu na fasa ta, guga na kwarzane ta, ruwa ya shiga ta kwarzanen ya kwanta ƙarƙashi ya rasa hanyar fita. Mu dai ba mu ga amfaninsa ba a wurin da aka yi don shan duka. Fentin mai ya fi shi, fari ko mai haske ya fi baƙi don ba ya ɗaukar zafi, kuma gyaransa taɓawa ce kawai da buroshi. Wasu sun fi son mai zalla, wanda ke shiga cikin itace ba ya yin fata. Amma ba ko wane mai ba. Man gyaɗa da man ja ba su bushewa, sai su yi ɗoyi, su kama ƙura, su kira tururuwa da ɓera. Baƙin man inji da 'yan jirgi da yawa ke shafawa don arha, yana tsiyaya cikin ruwan da mutane ke sha kifi ke zaune, yana cutar fata, kuma fenti ba ya ƙara kama wurin da ya taɓa. Wanda ya dace shi ne man linsid, da a ke matsa daga irin wata shuka, domin shi yana shan iska ya daskare. Sai dai ga gargaɗi: sa'ad da ya ke daskarewa zafi ya ke fitarwa. Tsumman da aka goge shi da shi, in aka dunƙule aka jefa a lungu, yana iya kama wuta da kansa ba wanda ya kusance shi da ashana. A shanya shi a buɗe a fili, ko a nutsar da shi cikin ruwa. Tsohon fenti kuma, wani akwai dalma a cikinsa. In za a kankare shi a jiƙa sanfefa da ruwa don kada ƙura ta tashi, a kuma kori yara daga wurin. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu, ko da ya ke can daga dutsen zinariya ta fito.

Sai ƙarfe. A kan bi fuskar ɗamarar katako da ɗan siririn ƙarfe don ya rage ci, wasu jiragen kuma ɗamararsu duka ƙarfe ce. Baƙin ƙarfe labarinsa gajere ne: a kankare tsatsa har a ga fari, a shafa fenti ran nan kafin raɓa ta sauka. Mai wuyar sha'ani shi ne farin ƙarfen nan da a ke cewa ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Shafil ta Ingila a 1913. Asirinsa wani ƙarfe ne mai suna kuromiyam da a ke gauraya masa, kashi 10 da rabi cikin 100 ko fiye. Kuromiyam ɗin na haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ita ce ke tsare shi, in ta kwarzanu kuma ta sake yin kanta, muddin iska na samunta. Saboda haka wannan ƙarfe a fili lafiya lau ya ke, amma ƙarƙashin laka, ko cikin ramin da ruwa ya kwanta, sai ya ci. Jan zirin da a ke gani yana gangarowa daga kan sukuru alama ce ruwa ya sami wurin zama a bayansa. A kwance sukurun, a share ramin, a cika shi da abin toshi, a mayar. Kada a goge irin wannan ƙarfe da sosan ƙarfe na wanke tukwane, gama ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa, har mutum ya zargi ƙarfen banza. Sabulu da tsumma sun isa.

Alminiyam kuwa abokin gabansa toka ne da kanwa da soda. Duk macen da ta taɓa dafa abu da kanwa a tukunyar alminiyam ta ga yadda cikinta ke dushewa. Yana da wani abokin gaba kuma, watau maƙwabtaka da wani ƙarfe. A 1761 sojan ruwan Ingila suka lulluɓe ƙasan wani jirginsu mai suna Alarm da jan ƙarfe don maganin tsutsar nan ta teku. Tsutsa ta bari, amma da aka duba shi bayan shekara biyu sai a ka tarar baƙin ƙarfen da ya taɓi jan ƙarfen ya cinye. Ƙarfe iri biyu in sun haɗa jiki cikin laima su kan zama kamar batir, ɗaya ya riƙa narkewa yana tsare ɗayan. Humphry Davy ya juya wannan ya zama magani a 1824, ya manna guntayen tutiya da baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen jirage don su ci a madadinsa. A ɗamarar alminiyam da aka ɗaure da sukurun farin ƙarfe, alminiyam ɗin ne ke ci, alamarsa farin gari da ke taruwa kewaye da sukurun. Maganinsa a raba su da ɗan abin toshi ko zoben roba. A ruwan gishiri, kamar na Ikko da Fatakwal, abin ya fi sauri ƙwarai, don haka can wajib ne a ɗauraye jirgi da ruwan daɗi duk ran da ya fita.

Ta roba iri biyu ce, ko da ya ke a baki duk roba mu ke ce musu. Akwai roba sosai, irin ta taya, wadda ta zama abin amfani tun da Charles Goodyear ya sami hanyar dafa ta da ƙibiritu, aka ba shi takardar mallakar dabarar a 1844. Akwai kuma ta leda mai kauri da a ke kira PVC, wadda asalinta tauri gare ta, sai a 1926 Waldo Semon a Amurka ya gano yadda a ke cuɗa ta da wani mai ta yi laushi. Duka biyu rana ce ajalinsu. Hasken rana yana da wani sashi da ido ba ya gani, shi ne ke tsinka su a hankali. Robar taya ta yi tsaga tsaga, ta riƙa barin baƙi a hannu da tufa. Ta ledar kuwa man nan da ke cikinta ya riƙa fita, fuskarta ta yi danƙo ta kama dauɗa, daga baya ta bushe ta yi gari kamar alli, ta tsuke, har ƙarshenta ya janye daga mazauninsa.

A nan ne masu son tsabta su ke yin ɓarna, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutum ya ga ɗamara ta yi baƙi, ya ɗebo fetur ko tina ya goge, nan da nan ta yi fes, ya yi murna. Bai sani ba fuskar ce ya narkar ya kwashe, ya kuma tsotse man da ke cikinta, bayan wata biyu sai ta fi da muni. Robar taya kuwa fetur da kananzir kumbura ta su ke yi ta yi laushi. Abin da ya kamata shi ne ruwa da sabulu da buroshi mai taushi, a maimaita in bai fita ba. In kwalta ce ta manne wa ta leda, a ɗiga kananzir kaɗan a tsumma a taɓa wurin kaɗai, a bi da sabulu nan take. In baƙin ɗigo ɗigo ne na funfuna, a gauraya bilic kashi 1 da ruwa kashi 10, a shafa, a ɗauraye da ruwa mai yawa, kada ya kwana bisa ƙarfe domin yana cin fatar nan ta farin ƙarfe. Faufau kada a haɗa bilic da abu mai tsami, ko lemun tsami ne, gama hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Bayan ta bushe akwai ruwan shafawa da a ke sayarwa don tsare roba daga rana, yana da amfani, amma ruwa na wanke shi, sai an riƙa sabuntawa. Abin da ya fi shi arha da aminci shi ne inuwa: rumfar zana, ko tamfol da ya sauko ya rufe bakin jirgi.

In za a mayar da wadda ta fita daga mazauninta, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ko a shanya ta a rana ta yi laushi, a tura ta a hankali. Kada a ja ta don ta kai, domin abin da aka ja da zafi zai koma da sanyi. A kafe ƙarshenta da sukuru. Kafin a rufe kuma a gwada mahaɗar da ke ƙarƙashi: mutum guda ya shiga ciki da tocila, wani ya bi ɗamarar ta waje yana kwara ruwa kaɗan kaɗan daga baya zuwa goshi. Duk inda na ciki ya ga ɗigo, a yi alama. Irin wannan yoyo mugu ne, don ba ya nuna kansa sa'ad da jirgi ke ɗaure a kwata. Sai an yi lodi, an shiga tsakiyar ruwa, igiya ta fara marin gefe, sa'an nan ya soma.

Wannan ya kawo mu ga wani amfani na ɗamara da ba a faye ambata ba, watau ma'auni ce. Tazarar da ke tsakaninta da fuskar ruwa ita ce rarar da jirgi ke da ita. A Ingila sai da Samuel Plimsoll ya yi ta fama a majalisa kafin dokar 1876 ta tilasta a zana layi a jikin manyan jirage mai nuna iyakar lodi. Jiragen kasuwa na kogunanmu yawancinsu ba su da wannan layi. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi, a watan Yuni na 2023 wani kuma kusa da Patigi da 'yan biki a cikinsa, inda mutum fiye da 100 suka rasu, kuma a duka biyu an ambaci yawan lodi. Ɗamara mai tsabta mai farin fenti ana hango ta daga gaɓa, ko yaro ya iya ganin ta kusa sumbatar ruwa ya ƙi shiga. Wadda laka ta mai da ita launin jikin jirgi ba ta gaya wa kowa kome. Malamin da ya koya wa yaransa su dubi wannan tazara kafin su taka jirgi ya koya musu abin da za su yi amfani da shi ko wace ranar kasuwa.

Lokacin babban gyara shi ne tsakiyar rani, sa'ad da ruwa ya janye, katako ya bushe, tsagogi suka buɗe iyakar buɗewarsu, abin toshi na iya shiga. Fentin da aka shafa bisa jiƙaƙƙen itace laima ya ke kullewa a ciki, gara ma ba a shafa ba. Amma kada a bar jirgin katako a tudu cikin rana wata da watanni, don zai tsattsage. A ɗora shi bisa gungume, a raba shi da ƙasa saboda gara, a yi masa inuwa. Wanki kuwa na ko wane mako ne, da damina ma ya fi haka.

Ɗamara ita ma tana son mai tsaronta. Tsofaffin tayoyin da a ke ratayawa a gefen jirgi, ko dunƙulen igiya, su ne ke karɓar bugun fari. A rataye su daidai tsayin abin da jirgin zai jingina da shi, a riƙa gyara igiyarsu yadda ruwa ke hawa da sauka, gama kwatar da ke daidai da ɗamara a watan Satumba tana iya zama bisa kanta a watan Maris, jirgi ya shige ƙarƙashi, igiyar ruwa ta ɗaga shi, katakon kwata ya danne ɗamarar ya ɓamɓare ta. Ko wace taya kuma a huda ta a ƙasa huda biyu ko uku masu faɗi. In ba haka ba ruwan sama ya kwanta a cikinta, kuma irin sauron da ke kawo shawara ba shi da wurin ƙwai da ya fi so kamar cikin tsohuwar taya.